Tomcat, Gunicorn ko Node? Ku ba mu shawara kafin mu fara rubuta kod

Hafsat: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema wajen manya. Mu uku aka ɗora wa aikin gina manhajar yanar gizo ta wata ƙungiya: rajistar mambobi, lissafin abin da kowa ya biya, fitar da rahoton wata a PDF, sannan shugabanni suna so da zarar wani ya biya su ga sanarwa a allo ba sai sun sake loda shafi ba. Mambobin sun kai 5,000, amma masu shiga kullum ma'aikatan ofis ne, ba su wuce 30 ba, sai ƙarshen wata da kowa ke tururuwar duba asusunsa. Ni Python na fi sani, na taɓa ƙananan ayyuka da Django. Ɗaya abokin aikina PHP ya iya. Na ukunmu Java ya karanta a makaranta, sai dai bai taɓa ɗora komai a saba ba. A takardar aikin an rubuta wai a yi amfani da "sabar manhaja mai ƙarfi", shi ne ya kafe cewa WildFly ake nufi ko WebLogic. Har yau ja-in-ja muke, ko layi ɗaya ba mu rubuta ba. Me za mu ɗauka?

Mubarak: Wa alaikumussalam. Node.js da Express, a rufe littafi. Tunda kin ambaci sanarwar nan take, ai aikinsa ne. Ga shi yare ɗaya za ku riƙe gaba da baya, JavaScript a burauza, JavaScript a saba.

Malam Nura: Mubarak, ko tambayar ba ka gama karantawa ba. A cikin su ukun wa ya ce ya iya Node?

Mubarak: Za su koya mana, Malam. Wanda ya iya PHP mako biyu ya ishe shi.

Injiniya Bashir: Wa alaikumussalam Hafsat. Kafin a fara kiran sunaye, bari mu raba abubuwa uku da kuka cakuɗa, don a nan rigimarku take.

Akwai sabar gaba, irin Nginx ko Apache ko Caddy. Ita ke karɓar baƙo daga intanet, ta kula da HTTPS, ta miƙa hotuna da fayilolin CSS da kanta, abin da ya shafi kod ɗinku kuma ta tura shi ciki. Akwai sabar manhaja, wadda ke riƙe da kod ɗinku a raye, tana raba masa buƙatun da suka shigo. Sai firemwok, wato tsarin da kuke rubuta kod ɗin a kansa. Abin da abokin aikinki bai lura da shi ba shi ne, a yau firemwok ne ke zaɓar miki sabar manhaja, ba akasin haka ba. Kika ɗauki Django ko Flask, Gunicorn ne ko Uvicorn. Kika ɗauki Laravel, PHP-FPM ne. Rails na zuwa da Puma tun fitowa ta 5. ASP.NET Core na da Kestrel a cikinsa. Hatta a duniyar Java, tun da Spring Boot ya fito a 2014 da Tomcat a cusa cikin fayil ɗaya na JAR, yawancin sababbin ayyuka sun daina bin tsohuwar hanyar girka katuwar saba a zo a zuba mata fayil ɗin WAR.

WebLogic na Oracle da WebSphere na IBM da WildFly, wanda da ake kira JBoss, an yi su ne don wani irin gida: manhajoji da yawa a saba ɗaya, ciniki ɗaya da ke taɓa rumbunan bayanai biyu ko uku a lokaci guda, layin saƙonni na JMS, da ma'aikatan da ba su da aiki sai kula da sabar. Na yi shekaru a cikin irin wannan, ba raina su nake ba. Amma rajistar mambobi 5,000 ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin abubuwan nan.

Hafsat: Na gode Injiniya. To kenan Gunicorn ma "sabar manhaja" ce a ma'anar takardar?

Injiniya Bashir: Ƙwarai kuwa. Amma kada ki yanke hukunci da fassarata. Ki koma wajen wanda ya rubuta takardar ki tambaye shi me yake nufi. Wani lokaci kwafo jimlar aka yi daga wata tsohuwar takarda. Wani lokaci kuma da gaske suna da sabar Java a ƙasa da mutumin da ke kula da ita, in haka ne kuwa duk maganar ta canza.

Malam Nura: Ni dai zan yi wa Laravel kamfe, kuma ba kunya. PHP na da wata ɗabi'a da masu raina shi ba sa faɗa: kowace buƙata tana farawa ne daga sifili, ta gama a share komai. In ɗalibi ya yi kuskuren da ke cin memori, kuskuren ya mutu tare da buƙatar. A Node ko Java kuwa furoses ɗaya ne ke zaune kwana da kwanaki, ɗan yoyon memori sai ya taru har ya kayar da sabar. Ga sababbin hannu wannan ba ƙaramar kariya ba ce. Sannan kusan duk inda ake ba da hayar masaukin shafi za ki tarar da PHP a girke. Laravel kuma tun 2011 yake, yana da tsarin shiga da fita, layin ayyukan bayan fage, tura imel, jadawalin ayyuka, duk a gida ɗaya. Masu cewa PHP na da nauyin jiki sun tsaya ne a zamanin PHP 5. Tun da PHP 7 ya fito a ƙarshen 2015 labari ya sauya. Wikipedia ma a kan PHP take.

Abba: Duk waɗannan da kuke lissafawa a ƙasan tebur suke in aka zo gwajin gudu. Ku duba jadawalin TechEmpower ku gani. Go da Rust da wasu na Java suna sama can, Django da Laravel da Rails sai ka gangara ka gangara. Ni Go zan ce. Fayil ɗaya za ki haɗa ki jefa a saba, babu Gunicorn babu FPM, laburaren net/http na cikin yaren ya wadatar.

Zainab: Abba, zo mu yi lissafi tare, don jadawalin nan ya ɓatar da mutane da yawa. A ce ranar ƙarshen wata duk mambobi 5,000 sun shigo cikin awa ɗaya, abin da ba zai faru ba. A ce kowa ya buɗe shafi 10. Buƙata 50,000 kenan. Raba da daƙiƙa 3,600, ka samu kusan 14 a daƙiƙa. Sha huɗu fa. Wane firemwok ne a duniya zai gaza wannan? Saba mai kor biyu, bisa ƙa'idar da takardun Gunicorn suka ba da ta ninka kor biyu a ƙara ɗaya, ma'aikatan Gunicorn 5 kenan, wato furoses 5 masu amsa buƙatu. In kowace buƙata na cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, a takarda 50 za su iya a daƙiƙa. Gwajin da kake magana yana auna wanda ya fi saurin mayar da ɗan guntun JSON ne sau dubbai. Manhajar Hafsat kuwa yawancin lokacinta zai tafi ne wajen jiran rumbun bayanai, kuma jira jira ne ko da wane yare aka rubuta.

Abba: To in suka girma fa? Twitter ba da Rails suka fara ba, daga baya suka gudu zuwa Scala?

Zainab: Sun gudu bayan sun tara miliyoyin mutane. Kuma GitHub da Shopify har yau suna kan Rails, Instagram kuma da Django aka gina shi. Kowa na da misalin da zai jawo. Ƙungiyar da ke da mambobi 5,000 ba za ta wayi gari da miliyan 50 ba.

Mubarak: Amma Anti Zainab ba ki taɓo maganar sanarwar nan take ba. A nan ne Django zai ba su ciwon kai. Ma'aikacin Gunicorn na asali buƙata ɗaya yake riƙewa a lokaci guda. Mutum 5 suka buɗe haɗin da ba ya rufewa, ma'aikata 5 ɗin nan naki sun ƙare, kowa ya tsaya a layi. Node kuwa zare ɗaya ne ke juya dubban haɗi ba tare da ya ji a jikinsa ba. Don wannan matsalar Ryan Dahl ya ƙirƙiro shi a 2009.

Zainab: A nan ka yi gaskiya, ban musa ba. Ma'aikacin sync, mai riƙe buƙata ɗaya a lokaci guda, bai dace da haɗi mai tsawo ba, irin WebSocket da ke zama a buɗe tsakanin burauza da saba.

Injiniya Bashir: Gaskiya ce, amma mu tambayi Hafsat: "nan take" ɗin nan, daƙiƙa nawa ne? In ma'aji ya ga sanarwar bayan daƙiƙa 15 da biya, wani abu zai lalace?

Hafsat: Ko kaɗan. Su dai ba sa son danna maɓallin sake lodawa ne.

Injiniya Bashir: To an gama. Ɗan JavaScript a shafin ya riƙa tambayar saba duk daƙiƙa 15, "akwai sabo?" Mutum 30, buƙata 2 kenan a daƙiƙa. Babu WebSocket, babu sabon yare, babu ƙarin furoses da za a yi gadi. Matasa na ganin wannan hanya tsohon yayi ce, amma ita ce ba ta tashin mutum da tsakar dare. Ran da kuka buƙaci na gaske, misali hira tsakanin mambobi, Django na da ASGI, tsarin da ke ba da damar riƙe haɗi mai tsawo, tun fitowa ta 3.0 a ƙarshen 2019, sai ku kawo Uvicorn ko Daphne da Channels don wannan ɓangaren kaɗai.

Mubarak: Haba Injiniya, a wannan zamanin a ce ana ta buga wa saba ƙofa duk daƙiƙa 15?

Injiniya Bashir: Sabar ba ta kai ƙara ba, ɗana.

Sadiya: Ina bin ku a hankali, ni ɗaliba ce. Don Allah tambaya: na ga kowa yanzu FastAPI yake yi. Tunda Anti Hafsat ta iya Python, me zai hana shi? An ce ya fi Django sauri kuma async ne.

Zainab: Tambaya mai kyau, ƙanwata. FastAPI ya yi fice wajen gina API, wato ƙofar da wata manhaja ke bi ta karɓi bayanai daga taki: ki bayyana siffar bayananki da Pydantic, ya tantance miki abin da ya shigo, ya kuma fitar miki da takardun API ɗin da kansa. Amma dubi abin da Hafsat ta lissafa. Rajista, fom-fom, izinin wane zai ga me, ma'aikatan ofis da za su riƙa gyara bayanai. FastAPI bai zo da shafin gudanarwa ba, bai zo da tsarin masu amfani da kalmar sirri a shirye ba, bai zo da nasa ORM ba, wato abin da ke haɗa kod da rumbun bayanai. Duk sai kin haɗo: SQLAlchemy daga nan, Alembic daga can, ki zauna ki ɗinke su. Django kuwa a gidan jarida aka haife shi, Lawrence Journal-World da ke Kansas a Amurka, aka sake shi ga jama'a a 2005, kuma an yi shi ne don mutanen da ke son editoci su fara shigar da bayanai yau yau. Shi ya sa shafin admin ɗinsa yake haka. Ki rubuta model, ki yi masa rajista, ma'aikatan ofis sun samu wurin aiki.

Batun async kuma a yi hattara. Ba ya sa kod gudu, yana hana zaman banza ne lokacin jira. In kika rubuta aiki da async sannan a cikinsa kika kira laburaren da ke toshewa, kin tsayar da kowa da kowa, har gara ma ba ki yi async ɗin ba. Haka abin yake a Node: aiki ɗaya mai cin CPU, irin haɗa katon PDF, in aka yi shi a babban zaren, duk sauran buƙatu sai sun jira ya gama.

Sadiya: Allah ya ƙara basira Anti. Yanzu na gane.

Malam Nura: Ni fa har yanzu ba a ba ni dalilin da zai sa a bar Laravel ba. Duk abin da Zainab ta lissafa yana da shi. Shafin gudanarwa ma akwai Filament.

Injiniya Bashir: Babu dalilin fasaha, Malam Nura. In da mai PHP ɗin ne jagoran aikin kuma ya taɓa kai Laravel har saba, da na ce su bi shi ido rufe. Hafsat, shi abokin naki Laravel ya sani ko PHP zalla?

Hafsat: PHP zalla ne, da ɗan gyare-gyaren WordPress. Bai taɓa Laravel ba.

Injiniya Bashir: Kin ga kenan a cikinku ukun mutum ɗaya ne ya taɓa ɗaukar firemwok daga farko zuwa ƙarshe, ke ce. Da ɗan gari akan ci gari. In kuka ɗauki Django, mutum biyu ne za su koya, ga mai nuna musu a kusa. In kuka ɗauki Laravel ko Spring ko Express, ku ukun duka ɗalibai ne, ranar da abu ya tsaya babu mai ce wa wani ga inda matsalar take.

Malam Nura: Wannan hujjar na karɓe ta. Ba don Django ya fi ba dai, a rubuta a ajiye.

Admin Yusuf: An rubuta, Malam. Abba da Mubarak, na goge saƙonninku biyu na ƙarshe. A yi muhawara kan kayan aiki, ban da "yaren tsofaffi" da "yaren yara".

Abba: Afuwan Admin.

Kabiru: Ni Java nake ci da ita, kuma ina jin an yi wa ɗan'uwana na ukun nan taron dangi. Spring Boot ba WebLogic ba ne. Umarni ɗaya ne ka tayar da shi, Tomcat na ciki da zare 200 a shirye. Tun Java 21 a 2023 ga zaruruwa marasa nauyi, wato matsalar haɗi da yawa da Mubarak ke magana an rage mata ƙarfi sosai. Kuma manhajar kuɗi ce wannan. Yaren da ke kama maka kuskuren nau'in bayanai tun kafin kod ya tashi ba abin wasa ba ne.

Injiniya Bashir: Ban ƙi ba Kabiru, ni ma gidanmu ɗaya. In ƙungiyar injiniyoyi goma ce da za ta riƙe aikin shekara goma, Spring zan ce. Amma ka faɗa masa gaskiyar abin da ke jiransa. Wanda ya koyi Java a aji, in ya buɗe Spring Security a karon farko, sai ya ga kamar wani yaren ne daban. Ga tarkon da ke kama sababbi har gobe: bayan Oracle ta miƙa Java EE ga gidauniyar Eclipse a 2017 aka koma kiransa Jakarta EE, sunayen fakitoci suka tashi daga javax suka koma jakarta. Tomcat 9 na kan tsohon suna, Tomcat 10 na kan sabo. Spring Boot 3 da ya fito a Nuwamban 2022 ya bi sabon, kuma ba ya karɓar ƙasa da Java 17. Yaro zai kwafo darasi daga intanet wanda aka rubuta da javax, ya ɗora a Tomcat 10, shafi ya ƙi fitowa, kuma saƙon kuskuren ba zai ce masa ga dalili ba. Kai ka san wannan cikin minti ɗaya. Shi kwana zai yi.

Kabiru: Wannan kam haka ne. Amma Python ma ta yi wa mutane irinta tsakanin 2 da 3.

Injiniya Bashir: Ta yi, har ta fi muni. Sai dai wancan ya wuce tun da aka rufe Python 2 a farkon 2020.

Zainab: Tunda Kabiru ya taɓo kuɗi, bari in faɗi abin da ya fi damuna fiye da sunan firemwok. Hafsat, ko me kuka ɗauka, kada ku ajiye kuɗi a float, nau'in lamba mai ɗigo da ba ya riƙe adadi daidai cif. Buɗe burauzarki ki rubuta 0.1 + 0.2 a konsol, za ki ga 0.30000000000000004. Ba laifin JavaScript kaɗai ba ne, Python da Java ma haka za su ba ki. A Django DecimalField ne, a Java BigDecimal, a PostgreSQL numeric. Sannan duk inda za a karanta ragowar asusu a canza shi, a yi shi cikin transaction.atomic tare da select_for_update, in ba haka ba ma'aikata biyu za su shigar da biya a lokaci ɗaya, ɗaya ya taka ɗaya. Irin wannan kuskuren ba ya bayyana a kwamfutarki, don ke kaɗai ce ke dannawa. Sai an ɗora, ranar da ofis ya cika.

Na biyu, rahoton PDF. Kada ku haɗa shi a cikin buƙatar da mutum ya danna. Gunicorn na kashe ma'aikacin da ya yi shiru fiye da daƙiƙa 30 in ba a canza saitin ba, kuma maganin ba ƙara lokacin ba ne. A tura aikin bayan fage, in ya gama a ba mutum mahaɗin saukewa. Celery da Redis ne aka fi sani, amma tunda rahoton wata-wata ne, umarnin gudanarwa na Django da cron ya tayar da shi daren ƙarshen wata ya wadatar. Duk ƙarin furoses da kuka kawo, ƙarin abin da zai iya mutuwa ne ba ku sani ba.

Na uku, ranar da shafin jerin mambobi ya fara jan ƙafa, kada wani ya ce Django ne. Ku ƙirga tambayoyin da shafin ke aika wa rumbun bayanai. Sau da yawa za ku tarar tambaya ɗaya ce ta kawo mutum 100, sannan kowane mutum aka sake aika tambaya don kawo biyansa, 101 kenan. Da select_related ko prefetch_related sai su koma ɗaya ko biyu. Wannan ciwon na kowane ORM ne, Hibernate na da shi, Eloquent na Malam Nura ma na da shi.

Malam Nura: Yana da shi, maganinsa with ne. Ba a bar mu a baya ba.

Abba: To a ƙara ma'aikatan Gunicorn su zama 50 mana in ana tsoron cunkoso.

Zainab: Kowane ma'aikaci furoses ne mai cin nasa RAM, kuma kowanne na buɗe nasa haɗin da rumbun bayanai. PostgreSQL haɗi 100 yake karɓa in ba a taɓa saitinsa ba. Ma'aikata 50 a kan kor biyu kokawa kawai za su yi da juna. A fara da kaɗan, a auna, sannan a ƙara.

Mubarak: Ni abin da ban yarda da shi ba a duk maganar nan shi ne a ce kullum mutum ya tsaya kan abin da ya sani. Da haka ne da har yau CGI da Perl muke rubutawa. Yaushe za a koyi sabo?

Kabiru: A aikinka na gefe, ba a kan kuɗin mambobin mutane ba.

Mubarak: Ai kuwa yawancinmu a kan aikin mutane muka koya, kai ma ka sani.

Injiniya Bashir: Mubarak na da 'yar gaskiya. Amma dubi lamarin da kyau, mutum biyu cikin ukun nan sabon abu za su koya, ita ma Hafsat ɗin haka, don ɗora manhaja a saba da kula da ita wani fanni ne daban da rubuta ta. Sabo ɗaya a lokaci guda ya isa.

Akwai kuma abin da ba wanda ya ambata, wato faci, gyare-gyaren tsaro da ake fitarwa a ɗora. Firemwok ba a zaɓarsa a tafi, kiwonsa ake yi. A 2017 an shiga rumbun kamfanin Equifax na Amurka aka kwashi bayanan mutum kusan miliyan 147, ta wata kafa a Apache Struts wadda an riga an fitar da facinta tun watan Maris na shekarar, ba su ɗora ba. A Disamban 2021 kuma Log4Shell, kafar da aka gano a laburaren Log4j, ta hana duniyar Java barci, mutane da yawa ba su ma san Log4j na cikin manhajarsu ba, wani laburaren ne ya jawo shi. Mubarak, kai ma kada ka yi dariya, ka tuna left-pad a 2016, ɗan fakiti mai layi 11 da mai shi ya cire daga npm, gine-ginen manyan ayyuka suka tsaya cak. Express ƙarami ne, don haka kafin ka gama manhaja irin ta Hafsat ka jawo fakitoci barkatai, kowanne da mai shi, kowanne da ranar da zai gaji ya bari. Firemwok mai kayansa a ciki yana rage yawan mutanen da ka dogara da su. Django na fitar da LTS, wato fitowa mai dogon tallafi, da ake yi wa facin tsaro shekara uku, 4.2 a Afrilun 2023, 5.2 a Afrilun 2025. Ku hau LTS, ku rubuta ranar ƙarewarsa a cikin takardar miƙa aiki, don wanda zai gaje ku ya sani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hafsat: Na dawo. Na kira wanda ya rubuta takardar kamar yadda Injiniya ya ce. Ya ce shi dai abin da yake nufi kada manhajar ta riƙa faɗuwa ƙarshen wata kamar tsohuwar da suke da ita. Ba su da sabar Java. Saba ɗaya ce ta haya mai Ubuntu, kor biyu, RAM gigabait 4, kuma jami'in da zai karɓi aikin bayanmu Linux ya sani da ɗan Python.

Kabiru: To ni ma na sauka. RAM 4 da za a raba da PostgreSQL, ga magajin aikin ɗan Python ne. Ku gaishe min da ɗan'uwana, ku ce ya yi haƙuri. Ku ba shi tsara rumbun bayanai da rubuta gwaje-gwaje, 'yan Java ba a fin mu son tsari.

Malam Nura: Mai PHP ɗin kuma a ba shi shafukan gaba. Tamfulet ɗin Django ba zai yi masa baƙunta ba.

Mubarak: Ina nan ina jira. Wata shida shugabannin nan za su ce suna son manhajar waya da hira kai tsaye, a zo a neme ni.

Zainab: In sun ce manhajar waya, Django REST Framework na nan. In sun ce hira, za mu kira ka da kanmu.

Sadiya: Anti Zainab, Docker fa? Ba dole ba ne?

Zainab: Ba dole ba ne a saba ɗaya. Yana da amfani don kwamfutocinsu ukun su zama iri ɗaya da sabar, kuma in sun iya shi su yi. In ba su iya ba, venv da fayil ɗin systemd da zai tayar da Gunicorn in ya faɗi ko in an sake kunna saba sun isa. Kubernetes dai kada in ji wani ya ambata.

Abba: Har na fara rubutawa na goge.

Hafsat: Mun zauna mu ukun, mun tsaya kan Django 5.2, Gunicorn a bayan Nginx, da PostgreSQL. Allah ya saka wa kowa da alheri. Tambaya ta ƙarshe don Allah: na gwada ɗora ɗan shafin gwaji yanzu, ina mayar da DEBUG zuwa False sai shafin admin ya fito tsirara, babu launi babu tsari. Da runserver, sabar gwaji ta Django, lafiya lau yake.

Zainab: Ba abin da ya lalace. runserver ne ke miƙa miki fayilolin CSS lokacin gwaji, Gunicorn kuwa ba aikinsa ba ne. Saita STATIC_ROOT, ki gudanar da collectstatic, sannan ki nuna wa Nginx foldar a ƙarƙashin location na static. In ba kya son taɓa Nginx, saka WhiteNoise. Ki duba ALLOWED_HOSTS ma, kuma ki gudanar da check tare da --deploy, zai lissafo miki saitunan tsaron da suka rage. runserver ɗin nan kuma kada ya kwana a sabar, takardun Django da kansu sun hana.

Hafsat: Na yi collectstatic, fayilolin sun taru, amma Nginx na ba ni 403.

Zainab: Izini ne. A Ubuntu Nginx na gudana da sunan www-data, kuma da alama fayilolin na cikin gidan mai amfaninki inda ba zai iya shiga ba. Mayar da STATIC_ROOT ƙarƙashin /var/www, ki sake collectstatic. In ya ƙi, turo min layukan ƙarshe na error.log.